Yarinyar da Ka Yi wa Dariya a Ajina

Zuwa ga yayana Isufu, a Amirka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Inna tana gaishe ka. Na rubuto a nan inda kowa zai gani, domin na yi ta kiranka ba ka ɗauka ba, kuma abin da ka yi a gaban jama'a ka yi shi.

Da ka zo gida Tawa, ni na roƙe ka ka leƙo ajina. Na daɗe ina koyar da Ingilishi, amma ɗalibaina ba su taɓa jin wanda ya zauna cikin masu harshen ba. Ina ta alfahari na gabatar da kai.

Ka tayar da Zali ta yi karatu. 'Yar Tebaram ce, wurin gwaggonta take zaune, kuma kullum ita ke fara ɗaga hannu. Ta zo kan kalmar ruwa ta ce "wota", yadda na koya mata, yadda aka koya mana ni da kai. Ka tuntsire da dariya. Ka ce a Amirka "wara" ake cewa, a sassauta tsakiyar, a naɗe harshe a ƙarshe. Ka sa ta yi ta maimaitawa, wayarka na ɗaukarta bidiyo. Sannan ka tambayi ajin, "Wa ya koya maku wanga Ingilishi na ƙauye?" Duk suka dube ni.

Nawa na haɗiye, Yaya. Kai babba ne, kuma baƙona ne. Amma da ka koma sai ka saka bidiyon a shafinka, abokanka na ta dariya a ƙasa. Kafin mako ya ƙare ya zagaye wayoyin unguwa. Har 'yan kabu-kabu na ƙofar lakkwal, wato makarantarmu, "Wota" suke kiranta. Ta tattara kayanta ta koma Tebaram, ga jarrabawa ta matso.

Na shiga motar kasuwa na bi ta. Babanta bai ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Malama, karatu na aiko ta yi, ban aiko ta a yi wasa da ita ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya bar ta ta biyo ni, amma yanzu can baya take zama, bakinta a rufe. In na kira sunanta sai ta dubi ƙasa.

Ban ce furucinka ƙarya ba ne. Na zauna na koye shi, ina koya masu duka biyun yanzu. Na ce masu Ba'amirke "bera" yake cewa inda muke cewa "beta", suka yi dariya wai ɓera, kowa ya gwada. Haka kawai ya kamata ka yi ran nan, amma ka zaɓi ka nuna kanka a kan 'yar mutane.

Kai kuwa ka manta i'inarka? Kana yaro sunan Inna ma da ƙyar yake fita. In muka fara dariya sai Baba, Allah ya jiƙan shi, ya ajiye cokali ya ce, "Ku bar shi ya ƙare maganarshi." Kowa ya jira ka. Da wannan jiran ka samu bakin da kake taƙama da shi yau.

Kai ne ke ɗaukata a keke zuwa lakkwal, kai ka fara saka mini son Ingilishi. Shi ya sa abin ya ci ni haka.

Ka cire bidiyon. Ka aiko da saƙon murya ka ba Zali haƙuri, da Hausa, ka kira sunanta. A gaban ajin zan kunna shi, ba a ɓoye ba.

Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya haɗa ka da masu haƙuri da harshenka. Allah ya maido wa yarinyar nan muryarta.

Ƙanwarka da ke fushi da kai,
Rabi, daga Tawa.