Shingen Zogale

Daren Laraba, tsakiyar rani, 1971

Na kasa cin tuwo yau. Awakin unguwa sun shiga garkarmu ta bakin tabki, sun cinye salati, sun tattake albasa.

Tun bara na ce mu kewaye ta da aguwa. Ba ta da kyan gani, amma akuya ba ta taɓa ta, kuma reshe kawai za ka sara ka kafa. Yaya Idi ya ƙi, wai me za mu yi da icen da ba a ci? A dasa zogale, ga shinge ga ganyen kwaɗo. Da yake shi ne babba, na bi maganarsa na dasa, na yi ta ban ruwa har bayana ya ƙage.

To, shingen suka fara ci, sannan suka wuce ciki.

Da la'asar Yaya ya zo ya tsaya yana kallon ɓarnar. Sai ya girgiza kai ya ce, "Kai ma dai, Sani, wa ke shinge da abincin awaki? Ai da aguwa ka sa."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Wannan amsar tawa ce ta tsaya mini a wuya har yanzu.