Jinyar Mama Hajara

Lahadi, 5 ga Mayu, 2024
Yau a coci aka sanar cewa Mama Hajara ta faɗi a banɗaki. Ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Tana kwance a asibiti a Tarauni, ba mai jinya. Ɗanta tilo yana Fatakwal, ya aiko da gaisuwa. Mata suka yi ta wayyo-wayyo. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, sai da na danne murmushi da bakin mayafi.

Matar nan ce, lokacin tana shugabar Zumuntar Mata, ta zaunar da ni a tsakiyar addu'a saboda in'inata. "Talatu, zauna haka nan. Kafin ki gama Uba-Uba-Ubangiji tuwo ya huce." Har da kwaikwayon yadda nake runtse ido. Aka yi ta dariya, wasu har da hawaye. Tun ranar ban sake buɗe baki a taro ba.

Talata, 7 ga Mayu
Ina kan keken ɗinki abin ya zo mini. Ba murya ba ce, ba kuma mafarki ba. Kamar dai an dafa kafaɗata: tashi ki je ki yi jinyarta. Na ƙara wa keke gudu. Na ɓata wuyan rigar mutane.

Laraba, 8 ga Mayu
Bai tafi ba.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na yi wa Ubangiji bayani dalla-dalla, tunda a zuci ba na in'ina. Na san labarin Musa tun muna makarantar Lahadi, shi ma bakinsa da nauyi, shi ma ya roƙa a aiki wani. Amma shi ai an haɗa shi da Haruna. Ni wa za a haɗa ni da shi? Mai jinya ita ce bakin mara lafiya. Ita ke kiran nas, ita ke yi wa likita bayani, ita ke rigima a layin magani. Ni ɗin da mai adaidaita ke wucewa kafin in gama ce masa Gyaɗi-Gyaɗi za ni!

Kuma ba na ƙaunarta, Ka fi kowa sani. Ga masu zanen zumunta nan, masu zaƙin addu'a. Ka aike su.

Lahadi, 12 ga Mayu
Bayan sujada muka je dubiya, mota guda. Aka jere kuloli a ƙarƙashin gado, aka yi waƙa a hankali, Maryam sabuwar shugaba ta yi addu'a mai tsawo. Duk muna jin warin, kowa ta yi kamar hancinta ya toshe.

Wata Hajiya Safiya da ke jinyar mahaifiyarta a gadon kusa ta ce, "Bayin Allah, duk yawanku ba mai canja mata zani? Ni ke ba ta ruwa fa." Maryam ta ce za a zauna a tsara. Muka fito.

A bakin get ƙafata ta ƙi. Na ce musu na manta jakata. Jakar tana rataye a kafaɗata, suna gani suka shige mota, don kowa ta samu sauƙi, ni kuma na koma ciki.

Litinin, 13 ga Mayu
Mama ta gane ni sarai. Da rana ta fara, "Ru… ru…" Na san abin da take so tun kafin ta buɗe baki, wa ya kai ni sanin kalmar da ta maƙale? Na tsaya da kofi a hannu ina kallonta. Jijiyar wuyanta ta tashi, miyau yana zuba. Na sunkuya na ce, "Yi sauri, Mama, tuwo zai huce." Ko sau ɗaya ban yi in'ina ba.

Hawaye ya gangara mata cikin kunne. Hajiya Safiya ta ce, "Ke 'yarta ce?" Na girgiza kai. Ta ce, "Na gani," ta juya mini baya.

Na ji daɗi. Abin da ya ba ni tsoro ke nan, daɗin da na ji har cikin raina. Na ce wa Ubangiji, to Ka ga wadda Ka aiko.

Alhamis, 16 ga Mayu
Likita ya zo da ɗalibansa, ya tambayi yadda ta kwana. Na fara. Na maƙale a kan "fitsari", gumi ya jiƙe ni, wata ɗaliba ta koma kallon fanka. Likitan dai ya jira har na gama. Mama kuwa da hannunta mai lafiya ta mintsine ni a cinya, wai in yi shiru, ina ba ta kunya. Tana kwance cikin famfas, amma ni ce abin kunyar.

Da suka wuce ta tattara ƙarfinta ta fitar da kalma guda tsaf: "Tafi."

Hajiya Safiya ta ce, "To, za ki tafi?" Na ɗauki fo na nufi famfo.

Lahadi, 19 ga Mayu
Ban je coci ba. An ce Maryam ta yabe ni a gaban taro. Ta riƙe yabonta.

Asabar, 25 ga Mayu
Litinin za a sallami Mama. Ɗan ya bugo waya, wai gidansa ba wuri, a riƙe masa ita tukuna. Zumunta har yanzu ana tsarawa.

Da na koma gida na tura keken ɗinki zaure, ɗakin ya fi shan iska haka, shi ke nan. Katifar ma na sauke ta ƙasa kusa da ƙofa, dama gadon yana sa ni ciwon baya, ba wai don ita ba. Ban yafe mata ba, kada ma a soma. Ban kuma ce wa Ubangiji "to" ba.

Gobe dai sai na yi sammako. Ba ta karɓar koko a hannun kowa sai nawa, ko da yake rabinsa a fuskata take tofarwa.