Kujeru Biyu, Madubi Ɗaya

Da sunan Allah. Ni ne mahaifinku mai aski, da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau, ƙirjin ne kawai ya ƙi. Likita ya ce in kwanta in huta. Ina hutu? Daga gadon nan ina kasa kunne ko zan ji kilifar aski ta tashi a shago, sai in ji shiru. Tun ina saurayi ban taɓa ganin shagon nan ya mutu haka ba, kuma abin yana cina.

Na ɗaya. Shagon naku ne ku biyu, Babba da Auta, ban yarda a raba shi ba. Na ji labarin mai sayar da waya da yake son a tsaga masa rabi. Auta, kai ka kawo shi, na sani, mahaifiyarku ba ta iya riƙe magana. Hujjarka ita ce mutane sun daina zuwa, kuma gaskiya ka faɗa. Mai zuwa duk mako yanzu sai gashi ya rufe masa kunne. Masu gyaran gemu sun koma reza a gida. Ma'aikacin nan da yake son a wanke masa kai da sabulun ruwa mai ƙamshi, yanzu tun kafin a taɓa kwalbar yake ɗaga hannu. Ba gudunmu suka yi ba, cefane ne ya cinye kuɗin askin. Ku yi haƙuri ku riƙe wurin, gashi bai daina fitowa ba.

Na biyu, da kai nake Babba. Iyaye sun sayi kilifa mai araha suna yi wa yara aski da kansu. Kan ya fito tudu da kwari, sai uba ya kifa wa yaro hula ya kawo shi da rana tsaka, lokacin da babu kowa. Rannan direban ƙarshen layi ya kawo nasa, ka cire hular ka tuntsire da dariya, har kana tambayar wane makaho ne ya yi wannan ɓarna. A gaban ɗansa! Haba Babba. Mutumin bai sake tako ƙofarmu ba, ni ma da ni ne ba zan dawo ba. A shagona ba a tambayar wanda ya fara aski. Sai dai ka ce an kusa, saura ɗan gyara, ka karɓi rabin kuɗi, ka nuna masa lambar bakin kilifar da zai riƙa sawa. Ka taka har gidansa ka ba shi haƙuri.

Na uku. Me ma nake son faɗa? Yawwa, 'yar'uwarku. An rage wa mijinta albashi, shi ya sa take yawan zuwa gaida mahaifiyarku daidai lokacin cin abinci, da yara a baya. Duk wanda ya nuna mata ya gane, ban yafe ba. Ku bar mata ɗakin baya, sauran abin da na bari a raba yadda Allah ya ce.

Na huɗu, wannan ne ya hana ni sukuni. Babba, tun ranar direban nan da Auta ya yi maka magana ka ce shi yaro ne, ba kwa gaisawa. Kuna tsaye kafaɗa da kafaɗa, madubi ɗaya kuke kallo, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Mai aski ba ya iya gyara ƙeyarsa, da can junanku kuke yi wa. Yanzu an ce kowa lallaɓawa yake wani shago ya biya, a wannan matsin da ko fetur ɗin janareto da ƙyar kuke haɗawa. Kunya ta kama ni, wallahi har na yi ƙwalla.

Allah ya yi muku albarka, ya buɗa muku, ya kawo wa mutane sauƙi. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada gidan nan ya watse a bayana. Amma wannan ɗaya ba zan bari sai bayan raina ba. Babba, ka zauna Auta ya yi maka, ka tashi ka yi masa. Ku shigo tare ku juya min ƙeya in duba, yau nake so.