Kwalin Dabino Don Kocin Bashir

Laraba da dare, unguwar Hindawiyya

Ƙungiyar besbol ɗin da ƙanena Bashir ke yi wa wasa a Dubai ta ɗauki sabon mai jefa ƙwallo yau. Kwantiragin Bashir ya ƙare tun ƙarshen kakar wasa, kuma ba su neme shi ba. Na daɗe ina fassara irin wannan labari a wurin aiki, na san abin da yake nufi. Gurbinsa aka cike.

Umma ba ta ɗauke shi haka ba. Bayan la'asar ta ɗaure kwalin dabino da jarkar zamzam, ta ce Kawu Sale ya kai wa kocin ya ba shi haƙuri, kamar yadda aka yi lokacin da kafilin Baba, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya sallame shi daga shago.

Na ce, "Umma, ba laifi ya yi ba. Yanzu kowace ƙungiya na iya ɗaukarsa."

Ta ce, "To tana ina, ya waladi? Haka kawai ake raba mutum da abincinsa?"

Bashir ya yi dariya, amma hannunsa na kan kafaɗar da aka yi wa tiyata bara. Shekararsa talatin da ɗaya. Ban hana Umma ba, domin ba ni da abin da ya fi kwalin nata.

Wakilinsa ya ce wata ƙungiya na sonsa, idan likitansu ya gamsu da hoton kafaɗar. An tura hoton ran Litinin. Har yanzu likitan bai ce komai ba.