Askar Baba a Hannuna

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramin, zazzaɓin ya sauka?

Yaya, ba a yi wa Baba aikin ba. Safiyar Talata na ga jini siriri yana gangarowa a ƙwaurinsa, askar kuma tana hannuna.

Kin san jijiyoyin zuciyarsa ne suka toshe, za a ciro wata daga ƙafarsa a yi wa jinin sabuwar hanya. To sai an aske ƙirjin da ƙafar tukuna. Nas ta ce bari ta kawo injinsu na aski. Baba ya ce shi da ya tsufa yana aske kawunan mutane, ba yarinya sa'ar 'yar cikinsa ce za ta bi shi da abin yankan ciyawa ba. Tana fita ya ce, "Auta, ɗauko askata a jaka." Ƙirjin ya fita tas. A ƙafar ne tari ya kama shi, hannuna ya zame.

Likita ya ce daidai inda za su tsaga ne, cuta na iya shiga ta nan. An ɗaga aikin sai wurin ya warke. Ga Baba ko banɗaki ya je sai ya dafe ƙirji yana haki.

Da likita ya tambayi wanda ya yi, sai Baba ya ce, "Ni ne, likita. Tsufa ne, hannun ya fara rawa." Mutumin da kullum yake cika baki bai taɓa yanke kowa ba. Aka yi masa faɗa kamar yaro, ya sunkuyar da kai, ni ina tsaye ina kallon ƙasa.

Da su likita suka fita Baba ya ce min, "Ni na gama sana'ata, kai yanzu ka fara. Wa zai miƙa wuyansa ga wanda ya yanki ubansa?"

Kada ki gaya wa Inna. Ki dai sa shi a addu'a, ki gaishe min da kowa.

Amma ba mu kaɗai muka sani ba. Tsohon da ke gadon kusa idonsa biyu lokacin. Bai tona ni ba. Jiya dai na ce zan gyara masa gemu kyauta, ya kalli hannuna ya ce, "Na gode ɗana, ina so ya ƙara tsawo."

Ƙaninki,
Auta