Ƙulli a Bakin Mayafin Inna

Talata, 10 ga Yuli, 1984

Na kai Inna awon maniyyata. Tun da kujerunmu suka tabbata hankalina ke kan jininta: ga tsufa, ga goro ba ya barin bakinta. Sista Liyatu, nas maƙwabciyarmu a Sabon Gari nan Minna, ta auna ta, lafiya lau. Sai ta juyo: "Oga edita, kawo hannu." Na ce nawa sai mako mai zuwa, yau rakiya na yi. Ta ce, "Rakiya har Makka? Kawo."

Ɗari da tamanin bisa ɗari da goma. Ta sake aunawa. Haka dai.

Likita ya ce ba zai sa mini hannu ba sai jinin ya sauka. In ban tafi ba, Inna ba ta da muharrami. Tun rasuwar Baba take riƙe da wannan niyya.

Laraba, 11 ga Yuli

Na karanta abin da na iya samu. Hawan jini ba ya hana shiga jirgi, muddin ya daidaita kuma ba a yanke magani ba. Kullum ina korar yaran ofis su je su tabbatar da labari, amma ciwon kan da ke zo mini da la'asar ban taɓa bin majiyarsa ba.

Inna ba ta ce mini uffan ba. Ɗan fari ne ni, ko sunana ba ta kamawa. Na dai jiyo ta tana gaya wa Larai, matata: "A rage wa mai jaridar nan gishiri da kanwa."

Lahadi, 22 ga Yuli

Miya lami. Na cinye.

Alhamis, 2 ga Agusta

Ya sauka. Likita ya sa hannu. Ya ce ƙwaya kullum ba fashi, in sha ruwa, in riƙa tashi ina takawa a jirgi. Liyatu ta fi ni murna: "Ka yi mini addu'a a can, ko da ni 'yar coci ce." Zan yi.

Alhamdu lillahi.

Asabar, 11 ga Agusta

Masu sallama sun cika gida. Danginmu na garin Paiko sun kawo kilishi da yaji, duk gishiri. Larai ta raba wa maƙwabta ina kallo. Na shirya akwatin ƙarfe da kaina. Kwalbar maganin na naɗe ta da safa, na sa a tsakiyar kaya don kada ta fashe.

Talata, 14 ga Agusta

Sansanin alhazai. Jiya aka auna akwatuna aka tafi da su. Yau aka ce an ɗage tashi, ba a san ranar ba. Sai a lokacin na tuna inda kwalbar take.

Ƙeyata ta fara sara. Na zauna ina tunanin in yanke jiki in faɗi a cikin jirgi, da Inna ita kaɗai a Jidda, ko lambar fasfonta ba ta iya karantawa. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan azahar na je gaishe ta a rumfar mata. Ba ta dube ni ba. Ta kwance ƙullin bakin mayafinta, inda take ɗaure goro, ta ajiye farar ƙwaya a gefen tabarma. Ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Hajiya, wasu mutanen tura magani Jidda suke yi, ya je ya jira su."

Ashe ranar shiri ta sa Larai ta zube mata rabin kwalbar. Na haɗiye. Na ce na gode. Ta ci gaba da jan carbi.

Alhamis, 16 ga Agusta

Mun tashi. Da jirgin ya ɗaga, Inna ta damƙe wuyan hannuna. Ban tuna ranar da ta taɓa riƙe ni ba. Na ce, "Inna, kada ki ji tsoro."

"Wa ke jin tsoro? Jinin nake aunawa, yadda Liyatu ke yi."

Ba ta saki ba har aka kawo abinci. Na taka sau da yawa tsakanin kujeru. Kai lafiya lau. Mun sauka ana kiran la'asar.

Lahadi, 30 ga Satumba

Minna. Ruwa tun safe. An yi aikin Hajji lafiya, an dawo lafiya. Liyatu ta auna ni jiya ta ce kamar na saurayi. Na kawo mata turare.

Kwalbar tana cikin akwati, tun a Makka na same ta. Ban buɗe ba. Kowace safiya kafin ofis ina shiga ɗakin Inna in durƙusa, ta kwance ƙulli, ta ajiye a tabarma tana kallon wani wajen. Ya fi sauƙin tunawa, shi ke nan.

A lissafi, abin da ke ƙullin ya kamata ya ƙare tuntuni. Wani na cika mata. Wannan labarin ba zan bi majiyarsa ba.