Faifan Da Ya Haɗiye Mini Amshi

Zuwa ga Malam Isiyaku, akawun kamfanin da ke ɗaukar muryar mawaƙa a faifan garmaho.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Ɗanlami mai kalangu na Tudun Wada, Zariya, maƙwabcin marigayi mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Na sha aiko maka da saƙon baka ta hannun direbobi, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shi ya sa na biyo ta jarida. Kada ranka ya ɓaci, ɗana. A bainar jama'a abin ya same ni, a nan kuma zan yi kukana.

Na farko, ka san ni ba makaɗin fada ba ne. Babu sarkin da ke ɗinka mini riga. Rumfar mahauta ita ce gonata, kuma a cikin mahauta Tanko ne ubangidana tun muna samari. Ni na yi kiɗan aurensa. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, ban daki kalangu ko sau ɗaya ba, amma kullum sai tsoka ta shigo gidana daga rumfarsa. Wallahi ina ƙaunar mutumin nan.

Na biyu, bayan Babbar Sallar bara ka zo da Baturenka da na'urarku, kuka rataye barguna a zauren mai unguwa, ka ce in yi waƙar da na fi so. Na zaɓi ta Tanko, don in sa sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba. Ka gaya mini faifai ba ya ɗaukar doguwar waƙa, in ka ɗaga hannu in tsaya. Haka ka faɗa, ban musa ba. To amma Isiyaku, kai da ka tashi a ƙofar gidana, yaushe ka taɓa ganin ina kiɗa ido buɗe?

A waƙar akwai inda nake cewa, “Mai neman marowaci, ya je rumfar Tanko!” Sai 'yan amshina su karɓa, “Ya sha kunya, ya dawo da tsoka!” Yabo ne, irin wanda ake fara shi da tsokana don mai shi ya yi dariya. Kai kuwa ka tsai da na'ura tsakanin bakina da nasu. A faifai na aika mai neman marowaci rumfar Tanko, kalangu ya yi ƙara ɗaya, shi ke nan, sai shuuu.

Na uku, ga abin da ya biyo baya. Okoro mai kanti ya sayi faifan, yana sa shi tun safe har la'asar. Shi ba ruwansa, kiɗan ne ya yi masa daɗi. 'Yan unguwa sun san amshin, amma fataken shanu da ma'aikatan jirgin ƙasa ba su sani ba. Sai baƙo ya tsaya a rumfa yana tambaya ko nan ne wurin marowacin faifai. Mahauta kuma ka san su da ba'a, sun samu abin yi. Tanko ya ɗauka kamfani ne ya saye ni na yi masa zambo. Na je da kaina, na aika dattawa, ya ce shi kunnensa ya ji. Yanzu in na gaishe shi sai ya sunkuya yana wasa wuƙa. Ɗansa Sale zai yi aure bayan kaka. An raba goro, nawa bai zo ba, kuma na ji an kai wa wani makaɗi a unguwar Gyallesu.

Na huɗu, wannan ga 'yan'uwana makaɗa ne da ba su da fada, masu ci daga hannun jama'a. Ban ce ku guji faifai ba, yana kai murya nesa. Amma ku sa yabon ubangidanku a farkon waƙa, kada ku ajiye shi a ƙarshe yadda muke yi a dandali. Duk baitin da sai da amshi yake zama alheri, ku bar shi a gida. Ku sa ɗaya daga cikinku ya zuba wa hannun akawu ido. Kada kuma ku bari a tafi da muryarku ba ku ji abin da aka ɗauka ba. A dandali in baki ya zame ana gyarawa nan take, faifai kuwa abin da ya ji shi zai yi ta maimaitawa har ya tsage.

Ga roƙona. Ba kuɗi nake nema ba, kuma ba na so a taɓa aikinka, na san ba da gangan ka yi ba. Ka ɗauko garmaho ka zo rumfar mahauta da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, kafin ranar auren Sale. Ka faɗa wa Tanko da bakinka cewa hannunka ne ya yanke waƙar. Sa'an nan ka sa faifan. Ni da 'yan amshina za mu tsaya a gefe. Inda ya yi shiru, mu za mu ƙarasa, da ƙarfi, ko mutumin nan zai ajiye wuƙarsa ya dube ni.

Allah ya yi maka albarka, ya ɗaukaka ka a wurin aiki, ya kiyaye ka da mai yanke maka magana a tsakiya.

Wassalam.

Naka, Baba Ɗanlami mai kalangu,
Tudun Wada, Zariya.